Tsakanin 39 da 40: Rikicin Maki a Kwas ɗin Koyon Furogiramin a Wata Foli

Ma'aunin da ake raba wa ɗalibai maki da shi a kwalejojin fasaha na Najeriya, waɗanda kowa ke kira foli, na NBTE ne, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977, mai hedikwata a Kaduna. Wanda ya ci 75 ko fiye ya samu A, nauyinta 4.00. Daga nan sai a riƙa gangarowa da maki biyar-biyar: AB daga 70 mai nauyin 3.50, B daga 65 mai 3.25, BC daga 60 mai 3.00, haka har a iso E, wadda ta kama daga 40 zuwa 44, nauyinta 2.00. Abin da ya gaza 40 kuwa F ne, nauyinta sifili.

A duba jadawalin nan da kyau. Ɗalibin da ya tashi daga 40 ya kai 75 ya sha wuyar ƙarin maki 35, abin da ya ƙaru masa a nauyi 2.00 ne. Wanda ya tashi daga 39 ya taka 40, maki ɗaya tak, shi ma 2.00 ɗin ya samu. A jami'o'in da ke lissafi da ma'aunin 5, tazarar F da E ɗaya ce cikin biyar. A foli rabin ma'aunin ne ɗungurungum. Shi ya sa ba a cika ganin mai 72 yana zarya a ofishin malami ba, ko da yake shi ma yakan yi gunaguni idan yayansa da ke jami'a ya gaya masa a wurinsu 70 A ce. Masu zarya 'yan 37 ne da 38 da 39.

A wannan gaɓar rikicin da zan bayyana ya tashi, a sashen kwamfuta na wata foli a Arewa inda nake koyarwa. Ina cikin malamai ukun da shugaban sashe ya ɗora wa bincikensa.

Kwas ne na 'yan ND 1, wato shekarar farko ta ƙaramar difloma, a zango na biyu, koyon rubuta furogiram da harshen C, harshen da tun 1972 yake, ya girmi yawancinmu malaman. Nauyinsa yunit 3, ajin kuma ya haura mutum ɗari. Malamin kwas ɗin matashi ne da ya san aikinsa. Ba ya sayar da handawut, ba ya fashin lakca, ba a taɓa jin sunansa a maganar kuɗi ko ta 'yan mata ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya zaci irin labarin nan ne da aka saba ji.

Ranar farko ya faɗa da baki cewa makin aikin zango, wato CA, 40 ne, jarrabawa 60. Iyakarta ke nan. Bai ce ga yadda za a kasa 40 ɗin ba, kuma ranar kusan rabin ajin suna can suna fama da rajista, wasu ma ba su dawo daga gida ba. Shi a ransa kason a shirye yake: tes 10, halartar firaktikal 10, aikin rukuni 20. Su ma ɗalibai suna da nasu lissafin da suka gada daga 'yan ND 2. A hannun malamin da ya riƙe kwas ɗin a baya, duk rukunin da ya kawo furogiram a filash, aka buɗe ya yi aiki, 15 zuwa 18 ake ba kowa da kowa a cikinsa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, amma a hostel da teburin mai shayi doka ce, kuma a kanta kowa ya gina tsammaninsa.

Aikin da ya ba su mai kyau ne. Kowane rukuni na mutum biyar zai rubuta furogiram da zai karɓi makin ɗalibi a kwasa-kwasai, ya fitar da harafin kowanne bisa ma'aunin NBTE, sannan ya lissafa GPA, wato matsakaicin nauyin da ɗalibi ya samu a duk kwasa-kwasansa. Wato su koya wa kwamfuta jadawalin da ake auna su da shi.

Da aka kawo, ya zauna yana gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai furogiramin da ya ƙware ba da 60 ko 80 yake gwaji ba, bakin iyaka yake zuwa: 39, 40, 74, 75. Ya sa wa na farko 40, ya ba shi F. Ya sa wa na biyu 40, F. Ya buɗe kod ɗin, sai ga layin:

if (scroe > 40)

Alamar da aka sa tana nufin abin da ya wuce 40. Wadda ya kamata a sa ita ce >=, mai nufin 40 ɗin kanta da abin da ya wuce ta. Kuskure ne da kowane ɗan koyo ke iya yi. Abin da ba kowa ke iya yi ba shi ne rubuta scroe a maimakon score a fiye da rabin rukunonin ajin. Daga baya muka gano cewa wani mai shagon buga takardu a bakin get ne ya rubuta guda ɗaya, ya riƙa sauya launin bango da sunayen 'yan rukuni yana sayarwa.

Malamin bai kai ƙara ba, bai kuma yi shawara da kowa ba. Ya sanar a guruf ɗin WhatsApp na ajin cewa mako mai zuwa kowa zai zo ya kare aikinsa shi kaɗai a gaban kwamfuta. Ya kasa 20 ɗin gida biyu: 5 na furogiram ɗin da aka kawo, 15 na karewa. Tambayar da yake yi ba ta da wuya. Yakan ce a gyara layin da zai sa mai 40 ya samu E, ko a nuna masa inda ake tara yunit. Da yawa sun zauna sun zura wa allon ido, wasu ko inda layin yake ba su sani ba.

Jarrabawar ƙarshen zango a takarda aka yi ta, da biro, kamar yadda aka saba. Da sakamako ya fito aka manna a allon sanarwa, F ta yi yawan da ba a saba gani ba a kwas ɗin, kuma wani babban kaso na masu F ɗin tsakanin 35 da 39 suka maƙale. Lissafin a fili yake. A ɗauki ɗalibi mai 8 a halarta, 5 a tes, 21 a jarrabawa. Da tsohon tsari zai samu kamar 16 a aikin rukuni, jimilla 50, ya tashi da CD hankali kwance. Da sabon tsari 5 ya samu, jimilla 39.

Mai karatun da bai yi foli ba zai iya cewa ai kwas ɗaya ne. To, a ce ɗalibin nan yunit 20 ya ɗauka a zangon, kuma a sauran 17 ɗin C yake samu, mai nauyin 2.75. Idan ya samu E a wannan kwas, GPA ɗinsa 2.64 ne. Idan F ce, 2.34. Iyakar matakin sakamako na Lower Credit, wanda ke sama da Pass, kuwa 2.50 ce, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da aka saba nema ga mai son wucewa babbar difloma, wato HND, bayan shekara ɗaya ta aikin koyon sana'a. Mai Pass sai ya ƙara shekara kafin a saurare shi. Ga kari-oba, wadda za ta sa ya dawo ya zauna da ƙannensa baɗi, lakcarta tana cin karo da ta 'yan ND 2. In ya sake faɗi, sifil-oba ce, abokansa su tafi su bar shi da ƙarin kuɗin makaranta da kunyar gida. Tun da NBTE ta raba HND na kwamfuta gida huɗu a 2024, har da fannin gina manhaja da shafukan intanet da na fasahar AI, wannan kwas ya zama tushen da sauran ke hawa kansa. Saboda haka ba na ganin laifin wanda ya tayar da hankalinsa.

Wakilin aji ya kawo takardar koke da sa hannun mutane da yawa. Kafin ta iso ma an riga an fara bin ta bayan gida: kiran waya daga wani kawu, saƙo daga wani babba cewa yaron wane ne a duba shi, wata uwa da ta zo da kanta ta zauna a benci tun safe. Shugaban sashe ya ce ba zai taɓa makin kowa shi kaɗai ba, ya kafa kwamiti.

Mun fara da wakilin ajin. Yaro ne mai natsuwa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Ranka ya daɗe, ba mu ce ba a yi kwafi ba. An yi. Amma Malam bai gaya mana za a kare aiki ba sai bayan mun miƙa. Da mun san 15 na can, wallahi da kowa ya zauna ya koya."

Babban cikinmu, wanda ya kusa ritaya, ya ce, "Ɗana, wato sai an ce za a tambaye ku sannan za ku koya?"

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Baba, gaskiya ita ce kwas tara muke yi. Inda aka ce maki yake, nan muke sa ƙarfinmu."

Amsar ba ta yi wa dattijon daɗi ba, amma ni ina ganin ita ce magana mafi gaskiya da aka yi a zaman gaba ɗaya. Ɗalibi yana karanta tsarin maki fiye da yadda yake karanta manhajar karatu. Idan malami bai ba shi tsarin ba, zai samo a wurin na gaba da shi.

Mutum biyu daga cikin waɗanda muka saurara sun tsaya mini a rai. Ta farko yarinya ce da rukuninsu bai sayi komai ba. Ita ta rubuta furogiram ɗin, kuma a waya ta rubuta shi, da wata manhaja da ke gwada kod ɗin C, domin ba ta da laftof, ɗakin kwamfuta kuma sai an tayar da janareta yake amfani. Ta nuna mana wayar: fuskarta a tsage, fayiloli jere da kwanan wata, tun na farko mai layi goma da ba ya aiki har na ƙarshe. Layin 40 ɗinta daidai yake. Amma ranar karewa, da aka zaunar da ita gaban kwamfutar tebur da manhajar rubuta kod ta Code::Blocks a buɗe, ga maza cike da taga suna leƙe, ta rasa inda za ta danna ta gwada, hannunta na rawa. Malam ya ba ta 4 cikin 15. Na tambaye ta me ya hana ta nuna masa wayar. Ta ce, "Malam, ai an ce duk wanda ya fito da waya an kore shi."

Na biyun saurayi ne da ke da teburin gyaran waya da laftof a kasuwar garin, wanda wasu malamanmu ma shi ke yi musu gyara. Ya zo da fushi. Ya ce babu kwamfutar da za a ajiye masa ya kasa kwance ta ya mayar, ta yaya za a ce ya faɗi kwas ɗin kwamfuta? Muka ba shi layin nan na 40 ya gyara, ya kasa. Ba ƙarya yake ba game da gwanintarsa, kuma mai yiwuwa ya riga ya fi wasu masu Distinction samun kuɗi. Sai dai kwas ɗin ba gyara yake aunawa ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya bambance masa.

Malamin ya zo da takardunsa cif. Hujjarsa ita ce ba zai sa hannu a kan 16 ga wanda bai san layi ɗaya na abin da ya miƙa ba, domin gobe wannan ɗalibin zai fita da takarda mai cewa ya iya. A nan ba mu da ja. Da muka tambaye shi dalilin da bai kawo maganar kwafin ga sashe ba, sai ya ce ya duba littafin dokokin ɗalibai, duk abin da ke ciki na satar amsa a ɗakin jarrabawa ne, babu kalma ɗaya a kan aikin gida ko na rukuni. Muka buɗe littafin, haka ne.

Binciken takardun ya fito da abu biyu da ba su cikin koken ma. Na ɗaya, a tsarin makin jarrabawar ya rubuta cewa duk kuskuren rubutun kod a cire rabin maki, kuma bai sa iyaka ba. A harshen C kusan kowane umarni da waƙafi mai ruwa yake ƙarewa. Mun ga takardar da tunanin ɗalibin daidai yake daga farko har ƙarshe, amma ya manta alamar a wuri takwas, aka cire 4 cikin 10. A kwamfuta, kafin ya ƙifta ido za a nuna masa layin ya gyara. A takarda ba mai nuna masa. Na biyu ya fi ba da mamaki. Saboda waɗannan rabi-rabin, wasu sun tashi da 39.5. Malam a Excel yake tara maki, ya saita gidan jimilla ya riƙa nuna cikakkiyar lamba, sai ya nuna 40, amma dabarar da ke fitar da harafi 39.5 ɗin take gani, ta ba da F. Ɗalibai uku ke nan da aka manna musu 40 da F a layi ɗaya. Sashen da ke koyar da kwamfuta bai taɓa yanke abin da za a yi da rabin maki ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana.

A wurin yanke hukunci muka rabu. Shugaban sashe, wanda wayarsa ba ta huta ba, ya kawo shawarar a ƙara wa kowa 5 a wuce wurin. Mun ƙi, mu ukun. Ƙarin bai ɗaya zai tsallakar da wanda ya saya daidai da wadda ta kwana tana rubutu a waya, kuma 'yan ND 1 na baɗi za su gaji labarin cewa in an yi hayaniya ana ƙari. Dattijonmu ya so a bar makin karewar yadda yake, a gyara na mutum ukun kawai, yana cewa wanda ya sayi aiki ba shi da bakin kuka. Ni kuma na tsaya a kan cewa manufar malamin daidai ce amma lokacin da ya kawo ta ne ba daidai ba. Tun ran gini ran zane. Ba a karɓar aiki a kan sharaɗi ɗaya sannan a auna shi da wani, ko da na biyun ya fi kyau, musamman da yake sabon sharaɗin bai tsaya kan masu laifi ba, ya haɗa da irin yarinyar nan.

Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne a sake gwajin firaktikal mai maki 15 ga duk wanda ya so. A sanar da mako biyu kafin ranar, a rubuta abin da za a tambaya da makin kowane ɓangare, malamai biyu su zauna, a rufe taga, kuma wanda ya saba aiki a waya a bar shi ya yi a waya a gabansu. Rukunonin da aka samu da scroe sun rasa 5 ɗin furogiram. A jarrabawa aka ce abin da za a cire na kuskuren rubutu kada ya wuce 2 a tambaya mai maki 10, aka sake tara takardun kowa, har da waɗanda ba su yi koke ba. Rabin maki kuma a cika shi zuwa sama kafin a fitar da harafi. Na so a ce duk wanda ya sake gwaji sabon makinsa ne zai tsaya, ko ya ƙaru ko ya ragu, amma sauran biyun suka ce a ɗauki wanda ya fi yawa, aka tafi a kan nasu. Har yanzu ina ganin wannan sassauci ne da bai zama dole ba.

Ranar gwajin, wasu daga cikin waɗanda suka fi ɗaga murya ba su zo ba. Cikin waɗanda suka zo, da dama sun haye, kuma ka ga alamar sun yi amfani da mako biyun: ɗakin kwamfuta bai taɓa cika da yamma kamar lokacin ba, har kuɗin mai suka haɗa wa janareta. Yarinyar ta tashi da BC. Mai gyaran waya ya zo, ya yi ƙoƙari, ya tsaya a 36, ya ɗauki kari-obarsa. Malamin ya ɗan yi fushi da mu, yana ganin an rage masa daraja a idon ɗalibai, ko da yake a zahiri tsarinsa na karewa aka ɗauka aka mayar na sashe gaba ɗaya.

Daga zangon da ya biyo baya, kowane malami a sashen sai ya miƙa takarda mai shafi ɗaya kafin ya shiga aji: yadda za a kasa 40 ɗin CA, ranar tes, abin da ake nufi da kwafi da hukuncinsa, makin rukuni nawa ne na mutum shi kaɗai nawa ne, da abin da zai faru da wanda ya makara ko ya yi rashin lafiya. Shugaban sashe ya sa hannu, a manna a allo, a tura guruf, a sake turawa bayan an rufe rajistar 'yan makara. Bayan haka ba a sauya komai sai da amincewar taron malamai.

Zarya a ofis ta ragu, amma ba ta ƙare ba, salo ta sauya. Yanzu ɗalibi da takardar yake zuwa a hannu, yana nuna cewa an rubuta 3 ga sharhin cikin kod, shi kuma ya sa sharhi a kowane layi, ina sauran 1 ɗinsa? Wannan gardamar ta fi waccan sauƙi, don akwai abin da za a buɗe a duba. Abin da ya fi damunmu shi ne mai shagon bakin get ya rasa kasuwa, ba don ɗalibai sun tuba ba. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, irin wannan aikin cikin daƙiƙoƙi ake samunsa a waya, kowane rukuni da nasa daban, babu scroe, layin 40 ɗin ma daidai. Furogiram ɗin da aka kawo a filash ya daina nuna komai game da wanda ya kawo shi, saboda haka nauyin ya koma kan karewa baki da baki. Mutum ɗari, kowa minti biyar, ya haura awa takwas ga kwas ɗaya, da malamai biyu a zaune da janareta a kunne, kuma kwasa-kwasan furogiramin a sashen ba ɗaya ba ne. Mun rubuta wa hukumar makaranta muna neman a ware kuɗin mai da mako guda a kalandar zango don wannan aikin. An amsa cewa za a duba a kasafin shekara mai zuwa.